Wasiƙa zuwa Jidda: kar ka turo kuɗin solar nan tukuna

Kano, sati uku bayan ƙaramar sallar 2025

Assalamu alaikum mutumina,

Ya Jidda, ya aiki, ya zafi? Ince an yi sallah lafiya, Allah ya maimaita mana. Washegarin sallah na je gaida Hajiya, tana nan lafiya sai dai ƙafar nan da ke matsa mata in ta daɗe a zaune, ta sa maka albarka sosai akan saƙon da ka aiko.

Na ga saƙonka tun wancan satin da kace in turo maka lambar wanda ya haɗa min sola, kana so ka turo kuɗi a sa wa Hajiya irin tawa. Na karanta na yi shiru, ka sake turowa na sake yin shiru har kace ko wayata ce ta lalace. Wayata ƙalau take. Kunya ce ta hana ni amsa maka, saboda ni ne na cika ka da saƙon murya a farkon azumi ina ta yabon abin, kuma yanzu gaskiyar magana shine an cuce ni. Dan Allah kar ka turo ko sisi sai ka gama karanta wannan.

Kasan yadda muka shiga tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, litar da muke sha ƙasa da 200 ta koma 500 da wani abu, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000, janareta ya zama sai dai ka kalle shi. Sannan ga duhun da aka yi a watan Oktoban 2024 da layin da ke kawo wa Arewa wuta ya samu matsala, muka kwashe sama da sati ba wuta ko ƙyas, cajin waya ma sai ka bi layi a shagon masu caji. Tun lokacin maman yara take min maganar sola, ita lissafinta mai kyau ne wallahi, firizarta tana nan a ajiye ba amfani, ga azumi zai faɗo a watan Maris tsakiyar zafi, tace in da wuta tsayayya ƙanƙara da zoɓo da kunun aya kaɗai sun isa su riƙe cefanen gida. Ta kwashi adashinta dubu 300 ta bani, na sayar da tsohon mashin ɗina, na ƙara da abin da na ɗan tara.

Na fara zuwa wajen wani ya yi min lissafi, batir biyu masu 200Ah (ma'aunin girman batir kenan), inbata wato na'urar da ke juya wutar batir ta koma irin ta gida, fanel huɗu masu ɗaukar hasken rana da wayoyi da kuɗin aiki, yace miliyan 1 da dubu 400. Na ce to bari in yi shawara. Ina cikin haka wani maƙocinmu, wanda gidansa ke kallon masallaci, ya nuna min shagon da shi ya saya, yace in je in ce shi ya turo ni. Mai shagon ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya sa aka kawo min ruwa mai sanyi, yace kaya iri ɗaya sak zai haɗa min a dubu 950 har da aiki, kuma firiza zata kwana tana aiki da fanka biyu har asuba, ya rantse min da Allah akan haka. Saura kwana biyar azumi, ina sauri, na ga ragin dubu 450, ban tambayi kowa ba na tura masa kuɗi. Wannan gaggawar laifina ce, bana ɗora wa kowa ita.

Kwana goman farko abin ya yi kamar gaske, lokacin ne na turo maka saƙonnin nan. Maman yara tana ɗaura ƙanƙara tun dare, kafin la'asar yara sun cika ƙofar gida da kuloli, ranar farko da ta ƙirga cinikinta har hawaye ta yi. Daga nan sai inbata ta fara ƙara wajen ƙarfe 2 na dare ta mutu, bayan kwana uku ta koma 12, kafin azumi ya kai ashirin ana idar da tarawihi take ɗaukewa. Mu tashi sahur a duhu, ƙanƙara ta narke ta zama ruwa a leda, kunun aya kuwa kasan baya jure zafi, rana ɗaya ta zubar da bokiti guda da ya yi tsami. Matan da suka saba aiko yara suka koma wani gidan.

Na kira mutumin yace ƙura ce ta rufe fanel, in hau in wanke. Na hau da azumi a bakina na wanke tas, babu canji. Yace to mun sa dutsen guga ne, nace bamu sa ba, yace ai mata basa faɗa. Daga nan ya daina ɗaukar wayata.

Wani yaro ɗan unguwarmu da ya yi karatun lantarki a foli shi ya zo ya duba min, kuma shi ya koya min abin da ya kamata in sani kafin in fitar da kuɗi. Yace batir biyu masu 12V da 200Ah a takarda suna ɗauke da 4,800Wh, wato yawan wutar da za su iya ajiyewa kenan, amma irin wannan batir mai ruwa ba a so a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko, kaga kenan ko sabo ne fil abin da zaka mora bai wuce 2,400 ba, firiza da fanka biyu da fitilu dare guda dama sun yi masa yawa, wato alƙawarin da aka yi min tun farko ba mai yiwuwa bane. Sai kuma yace mu auna nauyinsu, domin dalmar da ke ciki ita ce batirin, kuma na gaske mai wannan girman yana kaiwa wajen kilo 60. Muka ɗora a kura muka kai wajen 'yan gwangwan aka sa a sikeli, ɗaya kilo 41 ɗaya 43. Da ya ɗaga gefen sitikar da farce sai ga tsohuwar sitika a ƙasa ta koɗe. Tsofaffi ne aka wanke aka sake musu ruwa aka manna sabuwar takarda. Fanel ɗin ma da aka rubuta 300W a bayansu, da tsakar rana ya gwada babu wanda ya kai 200. Mai gwangwan ɗin a take ya taya batiran, yace a kilo zai saya. A wajen na ji ƙafata ta kasa ɗaukata, na samu benci na zauna.

Mutumina asarar kuɗin ta yi min ciwo, amma bakin mutane ya fi ta ciwo, kuma shi ne ya sa na zauna nake rubuta maka doguwar wasiƙa haka. A majalisarmu da na faɗa, kafin in rufe baki wani yace nawa ka saya, na faɗa, yace kai ai ko yaro yasan araha bata ado. Wani yace ai da ka tambaye ni da na kai ka wajen ƙanin matata. Wannan "da ka tambaye ni" ɗin na ji ta ta fi sau ashirin, har daga bakin mutanen da na tabbata basu san bambancin inbata da sitabilaiza ba, kuma cikinsu akwai waɗanda suka zo gidana ranar da aka haɗa suka yi ta sa albarka suna cewa na yi dace. Aka mayar da ni abin hira, in na doso sai wani ya ɗaga murya yace ya wutar gidanka, a yi dariya. Nasan wasa suke, amma ni kuɗin adashin matata ne a ciki, na kusa sati biyu ban zauna a majalisar ba.

Yayana kuma nasa salon daban, shi faɗa ya rufe ni da shi, wai na sayar da mashin da nake zuwa aiki da shi saboda maganar mace. Wannan ta ƙona min rai sosai domin ita ba ta yi laifin komai ba, ba ita ta zaɓi shago ba. Ita kuwa baiwar Allah har yau bata ce min ina kuɗina ba, abin da tace kawai Allah ya mayar mana da alheri, amma ina ganin yadda take kallon firizar in ta wuce, kuma na ji ta a waya tana ba uwar adashi haƙuri akan zubin wata. Shirunta ya fi faɗan yaya yi min nauyi.

Sai masu cewa ƙaddara ce ka yi haƙuri, tsautsayi baya wuce ranarsa, ka bar shi da Allah. Waɗannan da kyakkyawar niyya suke faɗa kuma na yarda da ƙaddara ɗari bisa ɗari, sai dai na lura da yawa in sun faɗi haka nufinsu in rufe maganar kar in koma wajen mutumin, wai tada husuma ne. Na kai maganar wajen Baba Liman bayan sallar asuba, shi ne ya raba min abin gida biyu yadda hankalina ya kwanta. Yace game da zuciyata, Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya zauna yana cewa da na yi kaza da kaza ya faru, domin "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofa, in ce Allah ya ƙaddara kuma abin da ya so ya aikata. Amma game da mai shago, yace shi dai Manzon ne ya cusa hannu cikin tarin hatsi a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wa mai shi me ya sa bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, wanda ya yi algus baya tare da shi. Yace a shari'a in ka sayi abu aka ɓoye maka aibinsa kana da haƙƙin mayarwa, rubutun da suke yi a ƙasan rasit cewa ba a dawo da kaya baya halatta algus, kuma neman haƙƙi baya warware haƙuri.

Yanzu ga wadda ta fi tsaya min a rai. Maƙocin nan da ya tura ni shagon, da daddare ya same ni a ƙofar gida yana ta kame-kame, ƙarshe yace shi ma nasa batiran tun wata na biyu suka mutu, janareta yake tayarwa a ɓoye ta bayan gida yana caja su dan kar a gane. Nace to me ya sa ka tura ni? Yace wallahi ba la'ada ya karɓa ba, kunya ya ji yace an cuce shi bayan ya gama yi wa mutane burga, da na tambaye shi sai bakinsa ya kasa faɗin gaskiya, kuma ya yi zaton ƙila nasa ne kawai aka yi rashin sa'a. Na yi fushi da shi kwana biyu ko gaisawa bama yi. A kwana na uku saƙonka na biyu ya shigo, na kalli wayar na ga sati guda kenan ina yi maka irin abin da ya yi min, da ka samu lambar a wani wajen ka tura kuɗin Hajiya fa? Ranar na je na same shi muka shirya.

Mu biyu muka je wajen shugaban 'yan kasuwar layin, da yaron nan mai lantarki da hoton sikeli da sitikar da muka ɓare. An yi zama biyu. Mai shagon ya fara da cewa shi ma haka aka kawo masa daga Legas, shugaban yace to kai ka koma wa wanda ya kawo maka, waɗannan kai suka sani. Aka yanke zai karɓi batiransa ya dawo min da dubu 360 a biya uku, maganar fanel kuwa ya ƙi sam, nima na gaji na bari. Zuwa yau dubu 120 ya bani. In ya saɓa na biyun zan kai takarda hukumar kare haƙƙin masu sayen kaya ta jiha, na riga na faɗa masa a gaban shugaban. Na kuma rubuta abin da ya faru a guruf ɗin 'yan ajinmu ba tare da na kama suna ba, na faɗi yadda ake auna batir, a fili mutum biyu suka yi min tsiya, amma ta bayan fage mutum huɗu suka biyo ni kowa da irin labarinsa, ɗaya ma mota ce, shekara guda yana ɓoyewa.

Maganar Hajiya, ni shawarata kar ka fasa, sola abu ne mai kyau in an samu na gaske, kuma ita buƙatarta kaɗan ce, fanka da fitilu da cajin waya da 'yar talabijin ɗinta. Yaron nan yace a fara lissafa abin da za a kunna da awa nawa kafin a je kasuwa, kuma in kuɗinka zai kai a sa mata batirin litiyam, ya fi tsada amma ya fi daɗewa nesa ba kusa ba kuma babu ruwanta da zuba masa ruwa, kasan ba zata iya wannan hidimar ba. Ranar Asabar zan je da shi gidan mu ƙirga kayan, mu duba rufin ɗakinta ko zai ɗauki fanel, sai in turo maka farashi daga shago uku ka gani da idonka. Duk wanda za mu saya a wajensa sai an auna a gabanmu kuma ya rubuta garanti da hannunsa.

Maman yara tana gaishe ka, tace in zaka aiko da saƙo wajen alhazai bana kar ka manta da dabinon da ka yi mata alƙawari. Ka gaida mutanen ɗakinku, in ka samu shiga Makka ka sa mu a addu'a, ka roƙa min Allah ya hore min in mayar mata da kuɗin adashinta kafin babbar sallah.

Naka har kullum,
amininka na Kano