Ku kuka yanke fim ɗin, sannan kuka ce ba shi da ƙarshe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Abin da tasharku ta talabijin ta yi wa Rabuwar Nader da Simin, fim ɗin daraktan nan ɗan Iran Asghar Farhadi, a daren Asabar, da maganganun da baƙinku biyu suka zauna suka yi a kansa bayan an gama, su suka sa na rubuto, kuma raina a ɓace yake. Ɗaya ya ce labarin a dagule yake. Ɗayan ya ce fim ɗin ba shi da ƙarshe, wai an bar mai kallo a tsaye. Mai gabatarwa kuma ya gyaɗa kai, ya ƙara da cewa ai haka fina-finan waɗannan ƙasashe suke, sai jan rai. Waɗannan bayin Allah ba fim ɗin Farhadi suka kalla ba, abin da almakashinku ya rage suka kalla, kuma ba a gaya musu ba, mu ma ba a gaya mana ba.

Mu yi lissafi. Rabuwar Nader da Simin, wanda ya fito a 2011, tsawonsa minti 123 ne. Ana ɗaukar fim na sinima a kan hoto 24 cikin daƙiƙa guda, talabijin irin taku kuma tana tafiya a kan 25, saboda haka fim yana ƙara gudu da kusan kashi 4 cikin ɗari, ya dawo kimanin minti 118. Wannan ba laifinku ba ne, haka na'urar take. Amma kun ba shi fili na awa biyu cif, kuka saka talla sau biyar, kowanne wajen minti huɗu. Minti 100 ke nan suka rage wa fim mai buƙatar 118. Ina sauran 18 ɗin suka tafi? Wani ya zauna a ɗakin tacewa ya zaɓi abin da a ganinsa ba shi da amfani, ya zubar.

Ga abu na farko da ya zubar. A farkon fim, lokacin da Simin take haɗa kayanta za ta koma gidan iyayenta, akwai 'yan dako da suke sauko da fiyano a kan matakala, suna ƙorafin cewa hawan benen ya fi yadda aka gaya musu. Simin ta shiga ɗaki ta ɗauko kuɗi ta cika musu. Fitowa ce gajeruwa, mutane suna ta kai da komo, babu wanda ya tsaya ya nuna maka kuɗin da yatsa. Wanda ya tace muku ya ɗauka hayaniyar tashi ce kawai. To waɗannan kuɗin su ne daga baya Nader ya buɗe aljihun tebur bai gani ba, ya ce Razieh, matar da ya ɗauka ta kula da mahaifinsa, ita ta sace. A kansu ta dawo bakin ƙofa tana rantsuwa, a kansu ya ture ta waje. Wanda ya ga fitowar 'yan dako, in ya yi tunani, zai gane matar nan ba ta ɗauki ko sisi ba. Wanda ya kalli naku kuwa zai tashi da zargin ɓarauniya ce. Da yanka guda kun juya wa mace mutuncinta.

Na biyu ya fi wannan ciwo. Tsohon yana fama da ciwon mantuwa, ya yi fitsari a wando, babu kowa a gidan sai Razieh da 'yar ƙaramar 'yarta. Ta tsaya ta rasa yadda za ta yi, sai ta ɗauki waya ta kira layin da ake tambayar malamai, tana tambaya ko zunubi ne ta wanke namijin da ba muharraminta ba, tana bayyana shekarunsa da halin da yake ciki. Yarinyar tana kallonta, ta ce ba za ta gaya wa babanta ba. Kun cire wannan gaba ɗaya. Alhali a kan wannan fitowar aka gina abin da zai faru a ƙarshe, ranar da aka taru a gidan su Razieh za a ba da kuɗin sulhu, Nader ya ce ta dafa Alƙur'ani ta rantse cewa turewarsa ce ta zubar mata da ciki, ita kuma ta kasa, domin tana da shakka, tana tsoron kuɗin haram su taɓa 'yarta. Mijinta bashi ya yi masa katutu, masu binsa suna zaune a falo, amma ta ƙi. Wanda bai ga kiran wayar ba, yaya za a yi ya gane cewa wannan mace ba ta iya taka abin da take tsoron Allah a kansa ko da za ta rasa komai? Shi ya sa baƙonku ya ce halinta ya sauya ba dalili. Dalilin yana nan, ku kuka cire shi.

Akwai wani abu da ya kamata duk mai taɓa irin wannan fim ya sani. Farhadi da kansa ya ɓoye abu guda da gangan. Ranar da tsohon ya sulale ya fita titi, an nuna Razieh ta hango shi a tsallake, motoci suna wucewa tsakaninsu, sai aka yanke zuwa wani abu dabam. Sai can kusa da ƙarshe muke jin cewa mota ta buge ta a wannan rana. Wannan giɓin shi ne ƙashin bayan labarin, domin an mai da mai kallo shaida wanda bai ga komai dukansa ba, kamar kowa a cikin fim ɗin. Giɓi ɗaya ne, kuma an auna shi. Idan kuka ƙara naku giɓin guda shida ko bakwai a kai, mai kallo ba zai iya bambance wanda darakta ya bari da wanda tasha ta haƙa ba. Dole labari ya dagule.

Sai ƙarshen, wanda shi ne ya fi ba ni haushi. Alƙali ya tambayi Termeh, 'yar Nader da Simin, yarinya 'yar shekara 11, ko ta yanke shawarar wanda za ta zauna da shi. Ta ce ta yanke, hawaye yana zuba. Aka ce iyayen su fita. Suka fita barandar kotu, su biyu cikin baƙaƙen kaya, shi a wannan gefe, ita a wancan, ƙofar gilashi tsakaninsu, mutane suna ta wucewa, ana jin hayaniyar wasu masu shari'a. Kyamara ba ta motsa ba. A kan wannan hoton sunayen ma'aikatan fim suke hawa, kuma a nan ne kiɗan fiyano yake shigowa, bayan an yi kusan awa biyu babu kiɗan rakiya. Zaman jiran nan shi ne ƙarshen fim ɗin. Ana so ka zauna tare da su ka ji nauyin abin da suka ɗora wa yarinyar. Ku kuwa da sunan farko ya bayyana sai kuka matse hoton ya koma ɗan akwati a kusurwa, kuka kashe sautinsa, wata murya ta hau sanar da shirin gobe, bayan daƙiƙa kaɗan kuka ɗauke shi. Sannan aka dawo ɗakin shiri wani yana cewa fim ba shi da ƙarshe. A doke mutum a hana shi kuka ke nan. Wannan fim shi ya ci babbar kyautar bikin Berlin a 2011, aka haɗa wa 'yan wasansa maza da mata kyautar iya wasa, a 2012 kuma ya zama fim na farko daga Iran da ya ci Oscar. Masu ba da waɗannan kyaututtuka sun zauna har fitila ta kunnu.

Wuraren da kuka saka talla ma da agogo aka zaɓe su, ba da ido ba. Na uku ya faɗo a tsakiyar zaman mai bincike, daidai lokacin da ake ja-in-ja a kan ko Nader ya san matar tana da ciki. Duk shari'ar a kan wannan tambaya take, domin in ya sani tuhumar kisa ce. Amsarta kuma tana cikin wata hira da Razieh ta yi da malamar Termeh a falo, Nader yana kicin, maganar tana zuwa daga nesa. Irin wannan fim ana haɗa sautinsa a kan hanyoyi shida, maganar 'yan wasa tana ta tsakiya. In za a mai da shi na lasifika biyu, sai a kula kada ta tsakiyar ta nutse. A naku ta nutse, sai mutum ya ƙure sauti kafin ya ji, talla kuma tana shigowa kamar an fasa bango. Akwai ma'aunin ƙarfin sauti da tashoshin Turai suke bi, R128, wanda ya tsayar da shiri da talla a mataki ɗaya, kuma manhajojin tacewa na yanzu suna da abin auna shi. Aikin minti kaɗan ne.

Rubutun fassara na ƙasan allo shi ma ya sha wuya. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke bi sananniya ce: layi biyu, kowane layi kada ya wuce harafi 42, a bar shi gwargwadon yadda mutum zai karanta harafi 15 zuwa 17 a daƙiƙa, wato cikakkun layi biyu suna son wajen daƙiƙa biyar. A zaman kotu mutum uku suna magana a lokaci guda, saboda haka dole a taƙaita, a sa ɗan layi a gaban maganar kowa don a san an sauya baki. Naku layi uku ne a cunkushe, suna ɓacewa kafin a kai rabi. Daga talla ta uku kuma rubutun ya koma baya da wajen daƙiƙa biyu, maganar Hodjat, mijin Razieh, tana fitowa a kan fuskar Nader. Abin da ke jawo haka shi ne a yanke hoto a bar fayil ɗin fassara yadda yake, ko a gyara lokacinsa da ka. Duk inda aka yanka sai an sake daidaita shi daga wannan wurin, a kalla har ƙarshe a tabbatar. A kan wannan duka kuma ga layin labarai yana gudu a ƙasa, ya rufe layin ƙarshe na fassarar. Fim na Farisanci, mai kallo ba ya jin harshen, aka rufe masa abin da zai karanta.

Na ji kun sanar cewa Parasite na Koriya ta Kudu da fim ɗin Ozu, daraktan nan ɗan Japan, na 1953 suna tafe a wata mai zuwa, kuma hankalina bai kwanta ba. Parasite faɗin hotonsa ya ninka tsayinsa sau 2.39, allon talabijin kuma sau 1.78. In kuka zuƙo shi don ya cika allo, kwata na hoton ya tafi, kuma fim ne da ake ajiye masu gida a gefe guda, masu ɓuya a ɗaya gefen. Na Ozu kusan murabba'i ne, 1.37, minti 136, kyamara a ƙasa daidai idon wanda ke zaune a tabarma, da ƙyar take motsi. In kuka ja shi ya cika allo, fuskoki za su ƙara faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari, in kuka datse sama da ƙasa kuma kawunan mutane za su tafi. Baƙin layi a sama da ƙasa, ko a gefe da gefe, ba lalacewa ba ce. Ku bar shi. Haka nan hotunan hayaƙin masana'anta da shanyar kaya da Ozu yake sakawa tsakanin fitowa da fitowa, nan ne mai tacewarku zai fara kai hannu, na sani, kuma su ne numfashin fim ɗin.

Gyaran ba mai wuya ba ne. Ku duba tsawon fim kafin ku ba shi fili, ba ku ba da fili sannan ku sassaƙe fim ya shiga ba. Mai minti 118 da talla ta minti 20 yana son awa biyu da minti 18. In babu wannan filin, ku raba shi dare biyu a wurin da labari ya numfasa, ko ku zaɓi gajere. Wanda zai sa alamar talla ya kalli fim ɗin dukansa tukuna, ya sa ta a ƙarshen fitowa. A kashe layin labarai. In kuma dole ta sa an cire wani abu, a rubuta a allo tun farko cewa an rage shi da minti kaza, domin mai kallo yana da haƙƙin ya sani. Baƙin da za su yi sharhi kuma a ba su cikakken kwafi kwana biyu kafin shiri.

Tunda na riga na rubuto, ina mai fassarar kurame da ke fitowa a kusurwar labaran ƙarfe takwas? Mako uku ke nan babu shi, babu sanarwa, babu bayani. Akwai mutanen da ta hannunsa kaɗai suke samun labarai, kuma ba za su iya bugo muku waya su yi ƙorafi ba. Ku dawo da shi, kuma ku ƙara girman akwatin, domin a yadda yake da, ba a ganin yatsu sosai.

Game da daren Asabar kuwa, abin da nake nema shi ne ku sake nuna fim ɗin cikakke, tun daga takardun da ake ɗaukar hotonsu a na'ura a farkon farawa har zuwa sunan ƙarshe a barandar kotu, kuma mai gabatarwa ya faɗa da bakinsa cewa wanda aka nuna da farko yankakke ne. Bayan haka ku gayyato baƙin nan biyu su sake zama.

Wassalam,
Mai kallonku na kowane mako