Ɗan Akuya da Buhun Taki

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya, ya zaman Ikko? Mu nan an gama yankan gero, dawa ta rage.

Wani abu ne ya tsaya mini a rai. Ran kasuwar da ta wuce aka kama wani yaro da ɗan akuya, bai fi shekara 15 ba. Kafin 'yan sanda su iso har an fasa masa baki. A kasuwar nan kuwa akwai wanda ya sayar mana da takin zamani cuɗe da yashi a farkon damina. Buhu biyu na saya, masarata ta tsumbure. Ranar yana zaune a rumfarsa, ana rusuna masa ana gaisuwa.

Da dare na kai zancen wurin ƙanena, wannan da ke karatun nazarin laifuffuka a jami'a a Dutse. Ya ce ai da wannan tambaya ake fara musu: wa ke yanke cewa abu kaza laifi ne? Zunubi daban, abin kunya daban, laifin da kotu ta sani daban. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya hana a hukunta mutum sai laifin da hukuncinsa suna rubuce a doka. Dokar kuma mutane ke rubuta ta, tana sauyawa da wuri da zamani. Kai shaida ne, giya a fili ake sayar da ita a can, nan kuwa mai sayarwa Hisba ce a bayansa. Maganin tari mai kodin a kemis muke ganinsa, sai a 2018 gwamnati ta haramta shi.

Ya ba ni labarin Lombroso, wani likitan Italiya da ya ce a 1876 ana gane mai laifi daga ƙirar kansa da fuskarsa. Masana sun watsar da maganar tuntuni, amma wallahi mu ba mu watsar ba. Yaro ya tara suma, rigarsa ta yage, sai ka ji an ce idonsa na ɓarayi ne. A 1939 kuma wani masani, Sutherland na Amurka, ya jawo hankali kan laifin masu manyan riguna, waɗanda ke cutar jama'a daga ofis da kanti, ba kasafai ake kiran su masu laifi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, zamba tana cikin doka kamar yadda sata take. Mu ne muka zaɓi wanda za mu yi wa ihu. Yaron nan ko an sake shi, sunan ɓarawo ya manne masa, ba mai ba shi ko jiran shago.

Mu shida da aka cuta mun yi shawarar zuwa wurin dagaci ranar Juma'a da ragowar takin. Daga nan zan biya in duba uwar yaron, an ce tun ranar ba ta leƙa rijiya ba.

Ka gaishe da mai ɗakinka da yara.

Naka,
amininka