Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Mai Shirin Raka Matasa Taron Sikawut Na Duniya

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali, saƙonka ya iso gare ni, kuma na yi murna da jin cewa kana cikin shugabannin da za su raka matasa zuwa babban taron 'yan sikawut na duniya karo na 26, wanda za a yi a Gdansk ta ƙasar Poland a shekarar 2027. Ka tambaye ni abin da ya kamata ka fi ba wa muhimmanci wajen shirya yaranka. Na san ba za ka yi sake da kafa tanti da ɗaurin igiya da taimakon gaggawa ba, don haka zan tsaya a kan abin da ba a cika koyarwa ba, wato yadda yaro zai zauna cikin mutanen da tarbiyyarsu ta sha bamban da tasa ba tare da ya ɓata wa kowa rai ba, kuma ba tare da ya zubar da nasa mutuncin ba.

Ka fara nuna musu girman wurin da za su shiga. Taron farko da aka yi a Landan a 1920, a zamanin Baden-Powell wanda ya kafa ƙungiyar sikawut, ya tara 'yan sikawut kimanin 8,000 daga ƙasashe 34. Wanda aka yi a Saemangeum ta Koriya ta Kudu a 2023 ya tara mutum fiye da 40,000 daga ƙasashe sama da 150, kuma mafi yawansu yara ne 'yan shekara 14 zuwa 17. An ce in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma ka nemi igiya ka ɗaura, amma a wannan sansani kowa baƙo ne, babu wata al'ada guda da za a ce ita ce ta masu gari. Abin da ya haɗa kowa shi ne dokar sansani da alkawarin sikawut, sauran kuwa sai an tambaya.

Gaisuwa ce za ta fara ba su mamaki. 'Yan sikawut suna musafaha da hannun hagu, alhali a ƙasashe da yawa na Afirka da Asiya da Gabas ta Tsakiya miƙa wa mutum hagu rashin ladabi ne. Ka bayyana musu cewa wannan musafaha alamar 'yan'uwantaka ce ta ƙungiya kawai, ba ta ba su izinin miƙa abinci ko kyauta da hagu ba. Yaron Koriya ko Japan zai karɓi abu da hannu biyu yana ɗan rusunawa, kuma zai ji daɗi idan aka yi masa haka. Wani daga Kudancin Amurka ko kudancin Turai zai rungume ka ko ya kai kuncinsa kusa da naka tun ranar farko, yayin da wata yarinya ba za ta yi musafaha da namiji ba sam. Wanda ba ya son a taɓa shi ya ɗora hannu a ƙirji, ya yi murmushi, ya gaisa da baki tun kafin a miƙo masa hannu. Abin da ke ƙona rai shi ne ja da baya da yamutsa fuska, ka ce an kawo masa ƙazanta.

Ina so ka daɗe a kan batun ƙofar sansani, domin a nan ne aka fi samun saɓani. Kowace tawaga, wadda yawanci matasa 36 ne da manya 4, ana yanka mata fili, ta kafa tantunanta, ta yi ƙofa da sanduna da tutar ƙasarta. Ko da igiya ɗaya ce aka ja a matsayin iyaka, wannan fili gidan mutane ne. Ana tsayawa a ƙofa a nemi izini, ba a ratsawa ta tsakiya don a rage hanya zuwa famfo, ba a leƙa tantin kowa, kuma idan an ga takalma a jere a bakin rumfa, mai shiga ma ya cire nasa ya ajiye kusa da su. Na taɓa ganin wani yaro ya yanko ta bayan tantunan maƙwabta da daddare, ƙafarsa ta harɗe da igiya, turke ya tsige, gefen tantin ya rufto a kan 'yan mata biyu da ke barci. Ba da mugun nufi ya yi ba, amma sai da shugabannin ɓangarorin biyu suka zauna da safe kafin hankali ya kwanta. Tutar kowa kuma ba abin wasa ba ce, ba a ɗaukarta don raha, ba a barinta a ƙasa.

Bangon tanti ƙyalle ne, ba ya tare murya. A arewacin Poland a wannan lokaci rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe takwas, gari kuma yana wayewa da wuri ƙwarai, don haka wasu za su so su raba dare suna waƙa, wasu kuma za su tashi ibada tun kafin kowa ya motsa. Lokacin shiru da aka ƙayyade ya hau kan duka biyun. Masu tashi da asuba su shirya ruwansu da fitilarsu tun dare, su yi magana ƙasa-ƙasa.

Game da abinci, ka tabbata an rubuta bukatun kowane yaro tun wajen rajista. Za su zauna da Musulmi da ba ya cin naman alade, da Bahindu da ba ya cin naman shanu, da Bayahude mai nasa ƙa'idojin, da wanda ba ya cin nama ko kaɗan. Akan ware rana guda ta baje kolin al'adu, kowace tawaga ta dafa nata ta gayyaci maƙwabta. Yaro yana da damar tambayar abin da ke cikin tukunya, kuma yana da damar cewa ya gode ba zai ci ba. Toshe hanci, ko kiran aboki a zo a yi dariya, shi ne abin da ba zan yafe wa ɗan tawagata ba. Haka nan akwai fili na musamman da addinai daban-daban suke bayyana kansu da gudanar da ibadarsu. A shiga da natsuwa, a yi tambaya don neman sani, a bar jayayya a waje.

Musayar bajo da ƙyallen wuya kuwa ita ce kasuwar yara, za ka ga an shimfiɗa bargo a bakin hanya an baje su. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce yaro da yaro, babba da babba, babu kuɗi a ciki, kuma ba a yi wa wanda bai iya yaren ciniki ba wayo. Kada a ɗauki hoton kowa sai da yardarsa, balle a saka a intanet. Alamun hannu ma su yi hattara da su, domin zoben da ake yi da babban yatsa da manuniya don a ce komai daidai, zagi ne a Birazil, kuma dafa kan mutum abin ƙi ne a Tailan.

Akwai abu ɗaya da ya fi waɗannan nauyi a wurina. Za a iya ajiye ku kusa da yaran ƙasar da ake yawan jin sunanta a labaran yaƙi ko rikici. Ɗan shekara goma sha biyar ba shi ne gwamnatin ƙasarsu ba, kada a tsare shi da tambayoyin da ko ministansu zai yi gumi kafin ya amsa. Kai ma a matsayinka na babba akwai horon kare yara daga cutarwa da ake bukatar kowane shugaba ya kammala kafin taro, kuma ka kiyaye kada ka keɓe da yaro ɗaya inda babu idon kowa, naka ne ko na wata tawaga.

Idan an sanar da ku ƙasashen da za ku yi maƙwabtaka da su, ka rubuto mini, domin yana da kyau kowane yaro ya iya gaisuwa da godiya da ban haƙuri a harsunansu kafin ku tashi. Ka gaishe mini da iyali da sauran shugabannin tawagarku. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.

Naka har kullum,
Amininka.