Kwalbar da ka bari a ɗakin soro

Ƙofar Marusa, Katsina
Daren Laraba

Assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun sauka lafiya, ka kuma ishe aiki lafiya. Mu nan kalau muke, sai zafi da ya ƙi sauka duk da ruwan da aka samu shekaranjiya. Mahaifiyarka ta ce soyayyen naman layyar da ta ƙulla muku a fitar da shi daga leda, kada ya yi fumfuna.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Sau biyu ina ɗaukar wayar in ajiye, don na san halinka. "To Baba, in sha Allahu Baba," kafin in kai aya ka riga ka rufe maganar da ladabi. Takarda kuwa ba a katse ta da "to", dole ka karanta har ƙasa.

Ka bar kwalba a ɗakin soro. Kada ranka ya ba ka an yi maka bincike, ba wanda ya taɓa jakarka. Mahaifiyarka ce ta shiga kakkaɓe shimfiɗa bayan tafiyarku, ta ɗaga matashi, kwalbar ta gangaro ƙasa. Ta kawo mini tana tambaya ko wani sabon turare ne, don ta shinshina ta ji warin sifirit kawai. Na sa tabarau na karanta: minoxidil, kashi 5 cikin 100. Sai da na nemi wuri na zauna.

Shekara 33 na yi a ɗakin magani ina miƙa wa mutane ƙwaya ta taga, kuma wannan suna ba a kan gashi na fara sanin sa ba. Maganin hawan jini ne. Kamfanin Upjohn na Amurka ya fito da shi ƙwaya, aka amince da shi a 1979, ba a kuma rubuta wa kowa shi sai wanda jininsa ya gagari sauran magunguna. Tun a lokacin gwajinsa likitoci suka lura masu shan sa gashi na tsiro musu a goshi da kumatu da gadon baya, har mata. Masu kamfani suka hango kasuwa, suka mai da shi ruwan shafawa. A 1988 aka amince da mai kashi 2, mai kashi 5 irin naka ya biyo daga baya. Ka ga ke nan gashin da kake zuba kuɗi kana nema, tun asali cikin illolin maganin aka lissafa shi. Aikinsa na ainihi a jijiyoyin jini yake. Yana sa su saki su buɗe, jini ya sauka, zuciya ta kama gudu don ta cike giɓin, ƙoda kuma ta riƙe gishiri da ruwa. Shi ya sa mai hawan jinin da aka rubuta wa ƙwayar ba a barin sa da ita ita kaɗai, sai an haɗa masa da maganin fitar da ruwa da na rage gudun zuciya.

Zan yi maka adalci, don kada ka ce tsoho ya tsorata da abin da bai kai ya kawo ba. Na shafawa ba ɗaya yake da na sha ba. In fatar kai lafiyayya ce, abin da ke ratsawa cikin jini bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 100 ba, kuma akwai mutane da yawa da suka yi shekaru suna shafawa ba abin da ya same su sai ƙaiƙayi da amosani. To amma wannan lissafin na wanda ya tsaya kan ƙa'ida ne: mililita 1 da safe, 1 da dare, a busasshen kai wanda ba rauni. Kwalba mai mililita 60 ta wata guda ce cur. Ƙanenka ya ce a gabansa ka ɓare wannan sabuwa daren da kuka iso. Kwana 9 kuka yi. Ya kamata a ce ko sulusinta ba ka ci ba, ga ta nan a gabana na ɗaga ta a fitila, ta wuce rabi nesa ba kusa ba. Kada ka yi masa faɗa, ni na tsare shi. Shi ne ya gaya mini har a gemu kake zubawa, kuma kana da wani ɗan abu mai gungura mai ƙananan allurai, kana gurza shi a kai da haɓa har fatar ta yi ja, sannan ka bi da maganin. Wa ya koya maka wannan? Fatar nan ita ce katangar da ke tsakanin maganin da jininka, kai kuma ka bi ta ka hudhuda.

Yanzu bari in gaya maka abin da na gani da idona, wanda na yi shiru a kansa don ban san dalili ba a lokacin.

Ranar Sallah da za mu fita idi, na gan ka a zaure kana kokawa da sau-ciki. Takalmin da ka saya da kanka watan azumi. Daga ƙarshe ka take bayansa ka mai da shi silifa. Da muka zauna a sahu na kalli ƙafarka, idon sawun ya nutse, ga sawun bakin safa ya kwanta a fatar kamar an ɗaure da igiya. Na ce a raina zaman mota ne. Washegari a Hawan Bariki, dawakai ba su gama wucewa ba na waiga na gan ka ka jingina da bango, ka cire hula kana fifita, ka ce rana ce. Na yarda. Daren nan kuma da na fito kewayawa wajen ƙarfe 2, na ishe ka zaune a dakali, hannunka a ƙirji. Ka ce shayi ka sha ya hana ka barci. Nan ma na yarda, don ina so in yarda.

Kumburin ƙafa, jiri, bugun zuciya. Ka buɗe takardar da ke zuwa cikin kwalin maganin, in ka taɓa buɗe ta, za ka ga su a jere tare da ciwon ƙirji da ƙarin nauyi farat ɗaya ba dalili, an ce duk wanda ya ga ɗaya daga ciki ya daina ya nemi likita. Kai uku na ƙirga maka cikin kwana biyu. An kuma rubuta cewa mai matsalar zuciya ya tambayi likita tun kafin ya fara.

Za ka ce ai kai ba ka da ciwon zuciya. Baffanka ma haka ya ce.

Kana aji uku lokacin, amma na san ba ka manta yadda aka shigo mana da shi a bayan a-kori-kura ba, hularsa a hannun yaron shagonsa. Shekara 41. Mako biyu kafin nan ya zo ya ishe ni a wurin aiki, ya ce Yaya gabana na yawan faɗuwa, ƙafafuna kuma sun yi nauyi. Layi ya yi tsawo a taga, na ce masa gajiya ce, ya rage gishiri, in na samu sarari zan kai shi a duba shi. Ban samu sararin ba. Ni da nake raba wa bare magani na kasa tsallaka baranda ɗaya da ɗan'uwana. Kakarka har ta koma ga Allah ba ta taɓa ce mini uffan a kai ba, kuma da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kai ne ka ɗauko shi, tsayinsa, tafiyarsa, har yadda yake kanne ido ɗaya in zai yi dariya. Tun ranar da kwalbar nan ta shigo hannuna ban yi barcin kirki ba. In waya ta yi ƙara bayan Isha'i sai na yi salati kafin in duba. Ban ce abin da ya ɗauke shi yana jikinka ba, Allah Ya kiyaye. Cewa na yi ba wanda ya taɓa duba zuciyarka, kai kuma kana ɗura mata abin da ke sa ta gudu, ninki biyu na ƙa'ida, ta fatar da ka fasa da hannunka.

Duk a kan me? Gashi! Kai da ka yi karatun da ni ban yi ba, ka sayi magani a hannun wanda ba ka san fuskarsa ba, ya aiko maka a mota kamar atamfa. Na juya kwalbar nan ta kowane gefe ban ga lambar NAFDAC ba, wa ya tabbatar maka abin da aka rubuta a jiki shi ne a ciki? Ka tambayi yaran intanet, ba ka tambayi ubanka da ya tsufa a cikin magani ba. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido. Kakanka da sanƙonsa ya auri mata uku, ni da nawa na auri mahaifiyarka, ba wanda ya taɓa cewa mu cire hula a duba. Bahaushe da Allah Ya rufa wa asiri da hula, ina shi ina wannan wahala?

Na san abin da ke ranka, kuma gara in faɗa da kaina. Ranar sunan ɗiyarka, a gaban abokanka da surukanka, na ce sanƙon kuɗi ya riga kuɗin isowa. Aka yi dariya, kai ma ka yi, amma na ga ka gyara zaman hularka, har aka watse ba ka sake cire ta ba. Ni wasa na ɗauke shi, irin wanda aka yi mini ina saurayi ban ji komai ba, a zamaninmu ba a kwana da irin wannan magana. Ban san naku zamanin da kowa ke ɗaukar hoton kansa safe da yamma ya sa abin ya yi nauyi haka ba. In maganata ce ta tura ka, ka yafe mini. Amma ba za ka rama a kan zuciyarka ba.

Sai maganar yarinya. Na ga yadda kake ɗora ta a wuya, tana damƙar gemunka tana kai hannu baki. A ƙasar Sifen, a 2023, an samu jariri da gashi ya rufe masa baya da ƙafafu, da aka bi diddigi sai aka gano ubansa ne ke shafa mai kashi 5 yana kuma renon sa. Da aka raba shi da maganin gashin ya zube. Fatar jariri ba ta da kaurin taka, kuma gashi shi ne mai sauƙin, in yaro ya samu kwalbar ya kurɓa sai dai a yi asibiti da shi a guje. Maiɗakinka tana shayarwa, matashi ɗaya kuke kwana a kai, alhali mai ciki da mai shayarwa an ce su nisance shi. Ka kiyayi kaskon turaren wutarta in kanka na jiƙe da shi, sifirit ne, yana kamawa. Kyanwar gidanku ma in ta lasa tana iya mutuwa. Ban ma san yadda kake yi da alwala ba, abin da ake so ya yi kamar awa 4 ruwa bai taɓa shi ba. Ina jin shi ya sa kake ƙara zubawa bayan kowace salla, kana ganin ya wanke.

Ga abin da nake so, kuma ba shawara nake ba ka ba. Ka ajiye shi daga yau, har wanda na san kana da shi a can. Ka jefar da abin alluran nan. Cikin makon nan ka je asibiti na gaske, kada ka tsaya a kemis. A auna jininka, a ɗora ka a sikeli, a yi maka gwajin nan da ake manna wayoyi a ƙirji. Ka gaya wa likita yawan da kake shafawa ba ragi, ka gaya masa na gemu da na allurai, ka gaya masa maganar Baffanka da shekarunsa. In kafin nan ka ji ƙirjinka ya riƙe, ko numfashi ya yi maka wuya, ko ka ga duhu-duhu, ko tsakar dare ne ka tashi maƙwabci ya kai ka.

Ba zan ɓoye maka ba, in ka daina, gashin da ya fito saboda maganin zai zube cikin wata 3 zuwa 4, kan ya koma yadda da zai kasance. Haka maganin yake, haya ce, ranar da ka daina biya a fitar da kai. Ka shirya wa hakan tun yanzu don kada ka ga gashi a matashi ka ruga ka sayo wata kwalbar. In likita ya duba ya ce zuciyarka lafiya, ya kuma yarda ka koma a kan mililita ɗayan nan, na rajista, a kai kawai, ba zan hana ka ba. Ba zan so ba, amma ba zan hana ba.

Mahaifiyarka ba ta san rabin abin da ke cikin takardar nan ba. Na ce mata man gashi ne mai ƙarfi. Kada ka bari ta ji sauran a bakin wani.

Na kwafe duk abin da ke jikin kwalbar a bayan wannan takarda don ka nuna wa likita, ita kuwa tana cikin akwatina na kulle. A cikin ƙunshin akwai na'urar awon jinina, ni zan riƙa zuwa wurin maƙwabcinmu ana auna ni, da huluna biyu da na sa aka wanke aka buga maka. Ranar Litinin bayan Magariba zan zauna kusa da waya. Kada ka ce mini "lafiya lau Baba". Ka karanto mini lambar sama, da ta ƙasa, da bugun zuciya.

Ka gaida maiɗakinka, ka shafa mini kan amaryata, bayan ka wanke hannu. Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare mini kai.

Wassalam.
Mahaifinka.