Rahoton Ayyukan Shekara: Shigar da Hausa Cikin Manhaja

'Yan'uwa membobi, assalamu alaikum.

Aikin da ya ci mana shekarar nan shi ne saka Hausa a jerin harsunan manhajar da babban taro ya zaɓa. Mun buɗe fayil ɗin fassara na gettext, wato tsarin da ake fassara rubutun manhaja da shi, da lambar harshe "ha", muka saita jam'i gida biyu: tilo idan adadin 1 ne, jam'i ga duk sauran.

Fassarar kanta ba ta ba mu wuya kamar haruffa masu ƙugiya ba. Rumbun bayanan manhajar yana kan tsohon tsarin adana haruffa na latin1, wanda bai ƙunshi haruffan nan ba, don haka duk inda ɓ, ɗ ko ƙ suka shiga sai su fito alamar tambaya, "ƙara" ta koma "?ara". Sai da aka mayar da rumbun kan tsarin UTF-8, wanda ya ƙunshe su. Bayan nan aka ga salon haruffan manhajar ba shi da Ƙ da Ɗ, sai akwatin banza ke fitowa a kanun shafi. Salon haruffa na Noto Sans ya magance wannan. A sigar Android kuwa, waƙafin saman da ke cikin 'ya'ya da 'yanci ya hana manhajar haɗuwa, domin fayil ɗin strings.xml, inda ake ajiye rubutun manhajar, yana buƙatar alamar \ kafin kowane irinsa. Ga masu karatu a Nijar mun tanadi ha-NE, lambar Hausar Nijar, da harafin ƴ a madadin 'y.

Sai batun jinsi, wanda har yau bai kammalu ba. Manhaja ba ta san namiji ko mace ke riƙe da ita ba, shi ya sa kwamiti ya zaɓi "ku shiga" a madadin "ka" ko "ki". Amma jimla irin "%s ya aiko saƙo", inda %s yake gurbin da manhaja ke cikewa da sunan mutum, tana mayar da kowace mace namiji. Inda muka iya, mun juya ta zuwa "Saƙo daga %s". Inda ba ta juyuwa, mun nemi masu manhajar su ba mu gurbi biyu, ɗaya na namiji ɗaya na mace, kuma muna ganin haƙƙin harshen ne, ba alfarma ba.

Gargaɗi ga masu fassara: kada a taɓa %s ko %d, wanda shi kuma gurbin lamba ne. Idan tsarin jimla ya sa an sauya musu wuri, a rubuta %1$s da %2$s, don manhajar ta gane na farko da na biyu.

Abin da ya rage wa baɗi shi ne jera sunaye yadda ɓ za ta bi bayan b, da gwajin ajami daga dama zuwa hagu. Muna neman masu tsofaffin wayoyi su shiga gwajin, don a can ne rubutu ya fi yankewa a kan maɓallai.