Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamin da ya tambaya ko na'ura ta fi ɗalibansa basira

Assalamu alaikum, Malam.

A taron malamai ka tambaye ni a gaban jama'a cewa tunda kamfanin OpenAI ya sanar a 2023 cewa manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira mai suna GPT-4 ta ci jarrabawar zama lauya ta Amurka, ko lokaci ya yi da za mu yarda na'ura ta zarce ɗalibanmu basira. Amsata ita ce sakamakon jarrabawa kaɗai ba zai raba wannan gardama ba.

Lokacin da masana biyu, Alfred Binet da Théodore Simon, suka fitar da gwajinsu na auna basira a Faransa a 1905, manufarsu ita ce gano yaran da ke buƙatar ƙarin kulawa a makaranta, kuma Binet bai yarda cewa basira aba ce tsayayya da za a auna sau ɗaya a rufe littafi ba. Kowane irin gwaji yana tsaye ne a kan zaton cewa wanda ake gwadawa bai taɓa ganin tambayoyin ba. Na'urar da aka horar da rubuce-rubucen intanet masu tarin yawa tana iya karya wannan zato, kamar ɗalibin da ya haddace tsoffin takardun JAMB har da amsoshinsu, wanda kai ma ka san makinsa ba ya nuna zurfin fahimtarsa.

Akwai kuma labarin wani doki mai suna Hans a Berlin, wanda ake yi wa tambayar lissafi yana buga kofato a ƙasa har ya kai adadin amsar. A 1907 wani masani mai suna Oskar Pfungst ya nuna cewa dokin yana lura ne da ɗan motsin kai da jikin mai tambaya, domin idan mai tambayar bai san amsar ba, ko aka hana dokin ganinsa, sai lissafin ya rushe. Dokin yana da hazaƙa ta gaske, sai dai ba wadda jama'a suka zaci suna aunawa ba.

Saboda haka ban ce na'ura ba ta iya komai ba, domin ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin, a wasan dara na ces tun 1997. Shawarata ita ce ka tsara tambaya sabuwa fil daga darasin da ka koyar a wannan zangon, ka sauya sharaɗi ɗaya a cikinta bayan an amsa, sannan ka nemi ɗalibi da na'ura kowanne ya bayyana dalilin da ya sa amsar ta canza.

Wassalam.