Wa zai tsare ƙofa idan barci ya sace gandireba?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka tare da abokan aikinka, da fatan kuna lafiya. Ni mai sauraronku ce daga gabashin Sudan, cikin Hausawan da kakanninmu suka baro gida da niyyar aikin hajji, Allah ya yi zamansu a nan. Abin da ya sa na rubuto shi ne shirin da kuka yi kwanakin baya a kan gidajen yari, inda wani bawan Allah ya bugo waya ya ce gandirobobi duk marasa imani ne, ba su da aiki sai duka da karɓar na goro. Maganar ta sosa mini rai, domin shekara 17 ke nan ina auren gandireba. Ban zo wanke kowa ba, akwai azzalumai a cikinsu, maigidana da bakinsa yana faɗa. Amma har aka rufe shirin ban ji an ambaci gajiya ko sau ɗaya ba, kuma ita nake gani da idona duk ranar da ya dawo gida.

A nan Sudan masu tsaron kurkuku 'yan sanda ne, suna ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida. Kafin yaƙi maigidana yana da lokacin aiki sananne, abin da ake kira wardiyya. Ya kwana can, ya dawo ya huta, har ya samu ya leƙa gonarmu ta riɗi da damina. Daga ranar 15 ga Afrilu 2023, da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, komai ya sauya. Kun dai ba da labarin yadda aka fasa gidajen yarin Khartoum a makonnin farko: Kobar, wanda Turawan Ingila suka gina tun 1903, da Alhuda na Omdurman, da Soba, da na mata. Ma'aikatar cikin gida ta zargi dakarun RSF da kutsawa kurkuku biyar tsakanin 21 da 24 ga Afrilu, ta ce an kashe wasu ma'aikata an raunata wasu, su kuma RSF suka musanta. Duniya ta fi mayar da hankali kan fitar Ahmad Harun, tsohon minista a gwamnatin al-Bashir, wanda kotun duniya ta ICC ke nema. Mu kuwa matan gandirobobi, waɗanda aka kashe a bakin ƙofa muke tunani, domin kowace ta san mijinta zai iya zama ɗaya daga cikinsu.

Mu yaƙin bai iso garinmu da bindiga ba, da mutane ya iso. Da Wad Madani ta faɗi a Disamba 2023, sannan Singa a tsakiyar 2024, jama'a suka kwararo Gadarif da Kasala da sauran garuruwan gabas. Inda mutane suka cunkushe ga yunwa ga rashin aiki, ƙara takan yawaita, ɗaurarru su ƙaru. Su kuma masu tsaro raguwa suka yi. An ɗebi wasu zuwa shingayen bincike, wasu sun bi iyalansu da suka watse, wasu sun ajiye kakin don albashi ba ya kai su ko tsakiyar wata. Kafin yaƙi dala ɗaya kusan fam 600 ce, a 2024 ta haura fam 2,000. Wanda ya rage a bakin aiki shi ke ɗaukar kayan mutum uku.

Yanzu idan ya fita ba na tambayar yaushe zai dawo, don shi ma bai sani ba. Lokacin tashi ya yi, wanda zai canje shi bai zo ba, kuma ba a barin ƙofar kurkuku yadda ake rufe shago a tafi masallaci. Sai ya zarce. Ya taɓa yin kwana uku a jere, barcinsa na zaune ne a kan kujera, da jabana, wato gahawa, yake tsare idonsa, a watan Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Ranar da ya dawo na zuba masa ful, na shiga ɗauko ruwa a randa, kafin in fito ya yi barci da burodi a hannu. 'Yar autarmu ta tambaye ni ko Baba ba shi da lafiya ne.

Abu biyu suka faru da shi waɗanda su ne ainihin dalilin wasiƙar nan, kuma da izininsa nake faɗa.

Na farko, wani dare shi kaɗai aka bari da ɓangare biyu. Can wajen asuba barci ya sace shi. A ɗaya ɓangaren wani dattijo mai ciwon sukari ya sume, 'yan ɗakinsu suna ta bugun ƙofa suna kiran "Janabu! Janabu!" kamar yadda ake kiran mai kaki a nan. Bai san tsawon lokacin da suka ɗauka suna bugu ba. Da ya farka, dole ya jira a samo wani ma'aikacin, domin ƙa'ida ba ta yarda mutum ɗaya ya buɗe ɗaki mai cike da fursunoni da dare ba. Dattijon ya rayu, alhamdu lillahi, amma har yau maigidana yakan zabura daga barci a gida ya ce ya ji ana buga ƙofa.

Na biyun ya fi yi masa ciwo. Mutum ne da ko 'ya'yansa bai taɓa ɗaga wa hannu ba. Ran nan ana ƙirgar safe, lissafi ya ƙi fita, ya sake, ya ƙi, domin kansa ba ya riƙe lamba. A ƙirga ta uku wani yaro matashi ya yi dariya, sai kawai ya ji hannunsa ya sauka a fuskar yaron. Da ya dawo ya zauna a tsakar gida bai ko cire takalmi ba, ya ce mini, "Uwargida, yau na zalunci ɗan mutane." Na ce, "Malam, sai ka koma ka nemi yafiyarsa." Ya koma ya nema, yaron ya ce, "Ba komai Baba." Amma ni na san wanda ya yi marin nan ba mijin da na aura ba ne, kwana biyu na rashin barci ne suka yi shi. Idan haka ta faru da mai haƙuri, to ina ga wanda dama can zuciyarsa a kusa take?

Wannan ba raki ba ne. Masana barci sun gwada, sun ga wanda ya yi awa 17 ido biyu, hankalinsa da saurin motsinsa kan ragu kamar na wanda ya ɗan sha giya, idan ya kai awa 24 abin ya fi haka muni. Ba wanda zai yarda a danƙa wa mashayi mabuɗin kurkuku, amma kullum ana danƙa wa wanda bai runtsa ba. Gajiyayyen gandireba ba ya binciken kayan ziyara da kyau, wuƙa ta shige. Ba ya lura da fursunan da ya daina cin abinci ya koma lungu. Amai da gudawa su fara a ɗaki, sai sun kwantar da mutum biyar kafin a ankara, mu kuwa mun ga abin da kwalara ta yi a ƙasar nan tun 2024. Kuma idan hannu ya yi kaɗan, hanya mafi sauƙi ita ce a kulle kowa a ɗaki yini guda, ba shan iska, ba ziyara, ba kai mutum kotu ranar shari'arsa. Daga nan tarzoma ke tashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da na fi tsoro ba ta bulo ba ce.

Ba mu kaɗai ba ne. A jihar New York ta Amurka, gandirobobi sun yi yajin aikin mako uku daga Fabrairun 2025, cikin kokensu har da tilasta musu zarcewa da aiki saboda ƙarancin ma'aikata, sai da aka kawo sojoji suka riƙe gidajen. 'Yan'uwanmu na Najeriya ma ba su manta da harin Kuje na Yulin 2022 ba, inda sama da fursuna 800 suka fice a dare ɗaya.

Yanzu da aka fara maganar gyara abin da yaƙi ya rusa a Khartoum, ina roƙon mahukunta kada lissafin ya tsaya a siminti da ƙofofin ƙarfe. Ƙa'idojin Nelson Mandela da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015 sun ce a biya ma'aikacin kurkuku albashin da zai sa nagari su zo kuma su zauna, a kyautata yanayin aikinsa saboda wahalar da ke cikinsa, sannan mata su tsare mata. A ɗauki sababbi a horar da su, a sa iyaka ga awannin da mutum zai yi a jere, iyakar da ko babban jami'i ba zai ƙetare ba.

Akwai kuma hanyar da ba ta cin kuɗi da yawa, wato rage mutanen da ke ciki. Duk ɗan Sudan ya san kalmar nan ta "yabƙa li hinis sadad", a tsare mutum har sai ya biya, wadda ake yanke wa masu cek ɗin da bai biya ba a ƙarƙashin sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991. Ɗan kasuwar da yaƙi ya cinye jarinsa, da me zai biya yana kulle? Ga masu jiran shari'a da ke shafe watanni a kan ƙaramin laifi. Hukumar zakka takan fanshi wasu masu bashi, musamman da azumi, Allah ya saka mata, amma bai kamata a jira Ramadan ba. Duk wanda aka sallama bisa adalci, kai ɗaya ne ya ragu a ƙirgar safe.

Ku kuma, Malam Edita, ina roƙon idan za ku sake shiri a kan gidajen yari ku nemi gandirobobi ko iyalansu, a Sudan ko Najeriya ko Nijar, ku ɓoye sunayensu don kada a hukunta su, ku tambaye su awa nawa suka yi barci a makon da ya wuce. Ina rubuta wannan ne bayan sallar isha'i, maigidana ya fita tun jiya da asuba, abincinsa na nan a rufe.

Wassalam,
Mai sauraronku, matar gandireba,
daga gabashin Sudan